Ba Wanda Ya Taɓa Mini Ƙafa

Talata, da hantsi

Na buɗe shago ni kaɗai. Ƙofar nan ta ƙarfe mutum biyu take so, ɗaya ya ɗaga ɗaya ya tura. Shekara da shekaru ni ke ɗagawa, ƙanena yana turawa yana mitar cewa gobe zai sa mata mai. Goben ba ta taɓa zuwa ba. Yau na ɗaga na tura, har ƙuguna ya amsa.

Teburinsa yana nan yadda ya bar shi: fankar wata mata a warware, notinta duk cikin murfin kwalba, kofin shayinsa da cokali a ciki. Ban taɓa komai ba.

Mai koren firijin nan ya leƙo. "Ina Wutsiya?" Kowa haka yake kiransa, har waɗanda ba su san dalili ba. 'Yan ƙungiyar iyonmu suka raɗa masa, domin in muka faɗa tafki a bayana yake, hancinsa kusan a dunduniyata, tun muna yara har muka yi furfura. Na ce yana asibiti. Ya ce subhanallahi, me ya same shi? Na ce firijinka gas ne ya tsiyaye, ka dawo jibi.

Laraba, bayan azahar

Na je. Na tsaya a baranda.

Ƙofar ɗakin tana da gilashi a tsakiya, ana hango gadon. Ya farfaɗo tun shekaranjiya. Idonsa biyu, amma bakin ya karkace, hannun dama da ƙafar dama suna kwance kamar na aro, kuma ba magana. Wutsiya, ba magana! Mutumin da ko a tsakiyar ruwa sai ya ɗago kai ya faɗi wani abu. Nas ta ce yana ji, yana kuma gane mutane sarai.

Ai na san yana ganewa. Ran da ya farfaɗo na shiga, ya dubi matarsa, ya dubi nas, da idonsa ya sauka kaina sai ya juya fuska wajen taga. Bai dawo da ita ba har na fita.

Matar tasa, Malama muke ce mata don tana koyarwa a firamare, ta hango ni ta fito da kwano a hannu.

"Yaya, ka shigo mana."

"Yanzu aka goge ƙasan. Takalmina duk baƙin mai."

Ta dubi takalman, ta dube ni. "To a cire mana."

Na ce akwai mai jirana a shago. Ba kowa a shago.

Alhamis, da sassafe

Barci ya sallame ni da wuri, to bari in rubuta ƙa'idojin ruwa, ko sa amfani sababbin shiga. Shugaban ƙungiya ya daɗe yana roƙona.

Tafki ba kwamin wanka ba ne. Ba layi, ba bango, mutane ne rututu suna dukan ruwa ɗaya, ba mai ganin gabansa sosai. A cikin cunkoso iyon rarrafe ake yi, ciki a ƙasa, hannu bayan hannu, ƙafafu a haɗe. In ka gaji kana son iyon kwaɗo ba wanda ya hana ka, amma ka fara ratsewa gefe, domin shurin kwaɗo buɗewa yake yi, na bayanka kuma da haƙoransa ya zo. Kada ka tsaya cik a jikin jar gangar da ake kewayawa kana gyara gilashin ido. In kana bin wani don ya fasa maka ruwa, bi shi, amma kada ka taɓa masa ƙafa. Sau ɗaya kuskure ne, a ba da haƙuri. Sau biyu rashin tarbiyya ne.

Wutsiya ya taɓa mini ƙafa fiye da yadda uwarmu ta taɓa ta. Har ma'ana ya yi wa abin. Sau ɗaya, wai ina nan. Sau biyu, wai tsoho, kana nawa. Na zage shi a ruwa, na zage shi a tudu, na taɓa shurinsa da gangan ya yi ta yawo da kumburarren leɓe. Ko a jikinsa.

Saura ta ƙarshe. Ba a iyon rigingine a tafki. Wanda ya juya ya kwanta a bayansa ya ɗaga hannu ɗaya sama, kira yake yi: yana cikin wahala, a zo a ɗauke shi. Aikin Mai Usur ke nan, dattijon da ke bin mu da kwale-kwale.

Shi kuwa gogan naka ba abin da yake so kamar rigingine. Wai ya gaji da kallon dunduniyata mai faso, yana so ya ga sama. Kuma in zai yi, sai ya bar hannun ya daɗe a tsaye kafin ya sauke, kamar mai gaida jirgin sama. Sau nawa Mai Usur ya tuƙo da gudu, gumi sharkaf, ya tarar da shi yana dariya yana cewa, "Baba, ka iso? Dama ruwan sha zan roƙa." Har ranar da dattijon ya rantse a gaban kowa cewa ya daina wahalar da kansa a kan Wutsiya. Muka yi ta dariya. Ni na fi kowa.

Shayina ya huce.

Juma'a, da yamma

Ban je ba.

Asabar, da safe

Ranar atisaye. Na je bakin tafki da jakata, ban buɗe ta ba. Na zauna a kan dutsen da muke ajiye takalma.

Mai Usur ya hango ni, nan take igiyar kwale-kwalensa ta zama abin kallo. Ya kwance ta, ya ɗaure, ya sake kwancewa. Ni ma sai na sami aiki a madaurin jakata.

'Yan ƙungiya suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, ya mai jiki, Allah ya ba shi lafiya. Wani dogo da bai daɗe da shigowa cikinmu ba ya ƙara da cewa, "Amma fa an sha gaya masa." Na so in tsinka masa mari. Sai na tuna daga bakina ya koyi maganar.

Shugaba ya ce gasar shekara tana nan ƙarshen wata, ba za a ɗage ba.

Ruwa lafiya lau yake wancan makon. Ba iska, ba igiyar ruwa, ana ganin komai tar. Ban san dalilin da na rubuta wannan ba.

Litinin, da la'asar

Mai fanka ta dawo da fushi, dole na zauna a kujerarsa. Ya jera kayan cikin fankar a hanyar da shi kaɗai ya sani. Na haɗa, noti ɗaya ya rage. Sai na ji bakina yana cewa, "Kai, ina wannan yake shiga?" Rediyon maƙwabci ne kawai ke magana.

Fankar ta yi aiki. Notin yana aljihuna.

Laraba, bayan azahar

Baranda kuma. Har mai shara ta fara gaishe ni kamar ɗan gida.

Malama ta fito ta zauna kusa da ni a benci. Ta rame, gyalenta ma a baibai ta yafa, ban gaya mata ba. Ta ce likita ya ce irin wannan ciwon, saurin kai mutum asibiti shi ne rabin magani. Ta ce ya ce da an fito da shi daga ruwa da wuri, sai ta katse maganar, ta gyara murfin kwano wanda ba ya bukatar gyara.

"Yaya, kai kana gaba, ko? Ba ka gan shi ba."

"A gaba nake," na ce.

"Haka na ce wa yara." Ta share ido da bakin gyale. "Ka san tsoron ruwa gare shi? Wallahi. Kullum cewa yake, muddin yana ganin ƙafarka, to ba abin da zai same shi."

Ban sani ba. Shekara hamsin ina gaban mutum ban san wannan ba. Na ce mata zan je in sayo lemo. Na sayo, na ba mai shara ta kai musu.

Alhamis, da hantsi

A iyon rarrafe mutum kan juya kai gefe ya shaƙi iska, idonsa kuma ya ɗan leƙa baya ta ƙarƙashin hammata. Duk mai iyo ya san haka.

Malama ba ta iyo.

Asabar, bayan azahar

An yi taro a rumfar da muke canja kaya. Shugaba ya kawo shawara: daga yau duk wanda ya yi rigingine a tafki, ko da wasa ko da gaske, a tsamo shi, kuma ya fita daga gasar. Kowa ya yarda. Ya ce in yi magana, wai ni ne limamin ƙa'ida a ƙungiyar nan. Na ce ba ni da abin cewa. Ni da na kan riƙe taro da surutu har mutane su fara duba agogo.

Sai Mai Usur ya tashi. Ya cire usur ɗin daga wuyansa ya ajiye a kan teburi.

"Na gan shi," ya ce. "Na ga hannun. Na ce wasansa ne, na juya ina kallon na gaba. Sai da hular ta nutse ta taso sannan na tuƙa. Ku ba wani wannan."

Shugaba ya ce haba Baba, wa ya san ruwan nan kamarka, wa kuma zai ga laifinka? Ya mayar masa da usur ɗin a wuya da hannunsa. Dattijon bai hana ba, bai kuma gode ba, ya fita.

Na bi shi har bakin ƙofa. Akwai magana a bakina, ba ta fi kalma biyar ba. Ya juyo ya jira. Na ce, "Baba, a gaida gida."

Lahadi, da safe

Na sayi burodi biyu. Hannu ne ya saba.

Talata, da azahar

Na shiga.

Ba jarumta ba ce. Malama ta koma makaranta rabin yini, nas ta fito ta kama ni a baranda ta ce, "Kai ne wansa? To zo ka zauna, ba ma barin irinsu su kaɗai." Ba ta ba ni damar zancen takalmi ba.

Fuskarsa tana taga. Na zauna a kujerar roba ta gefen hagu na yi ta zuba: mai koren firiji ya karɓi kayansa, ƙofar shago har yanzu ba mai, an ƙara wa wayar wuta tsada. Na ciro notin na nuna wa ƙeyarsa, na ce ga shedar aikinka na ha'inci. Da can da ya rama mini da goma.

Da surutun ya ƙare sai na lura bargon ya zame, tafin ƙafafunsa a waje. Ban taɓa kallonsu ba. Shi ya san nawa fiye da ni, ya san fasona, ya san tabon kwalbar da na taka muna yara. Nasa farare ne, masu laushi, akwai ɗan baƙin ɗigo a na hagu. Na tsaya a ƙarshen gadon ina kallo. Ashe haka duniya take daga nan baya.

Na ja bargon na rufe su. Ya rufe ido.

Ina kewarsa. Yana nan gabana, ina jin numfashinsa, kuma ina kewarsa kamar wanda ya yi tafiya.

Alhamis, da sassafe

Na shiga ruwa ni kaɗai, karo na farko tun ranar. Jiki bai manta ba. Amma duk shaƙar iska sai na leƙa baya, kuma bayan fayau, ruwa ne kawai yana rufe hanyar da na buɗe. Na sha ruwa kamar sabon shiga. Ban kai jar ganga ba na juyo.

Ba wanda ya taɓa mini ƙafa. Abin da na roƙa ke nan shekara da shekaru.

Juma'a, da la'asar

Malama ta zo shago. Ba ta taɓa zuwa ba sai da dalili. Ta ƙi zama.

Wanta zai zo da mota ranar Litinin ya tafi da su garinsu. Akwai asibitin gashin ƙashi kusa da gidansa, akwai kuma masu taya ta ɗagawa da kwantarwa. Tafiyar yini guda ce. Na ce hakan ya yi, Allah ya sa a dace. Me zan ce? Ni da ko ɗakin ba na iya shiga sai nas ta kora ni.

Ta buɗe jaka ta ciro hular robarsa, rawayar nan mai yagaggen kunne, ta ajiye a teburinsa.

"Jiya na ambaci gasar gobe, sai ya bugi gado da hannun hagu. Ina ganin so yake ka shiga."

"Ko kuma so yake kada in shiga."

"Yaya, me ke tsakaninku ne?"

Na ce mata ba komai, ciwo ne ke sa mutum haka.

In motar nan ta tashi yana kallon taga, ban san ranar da zai sake kallona ba.

Asabar, da yamma

Na shiga gasar. Hularsa na sa, ta matse mini kai, dama kansa ƙarami ne.

An busa usur muka faɗa, ruwa ya yi fari da hannaye. Na kama hanyata ta kullum, gefen dama, inda cunkoso bai yi yawa ba. Wajen jar ganga wani ya tsaya ya koma kwaɗo a tsakiyar mutane, ya sakar mini shuri a ƙirji. Da bara ce da ya ji sunan kakansa. Na kewaye shi na wuce.

Bayan gangar akwai wani fili inda ake hango doguwar bishiyar ƙetare sak a gaba. A nan ne. Na yi niyyar in rufe ido in wuce shi da ƙarfi.

Sai aka taɓa mini ƙafa.

Sau ɗaya, a tafin hagu, da bakin yatsu. Hannuna ya tsaya a iska. Na jira ta biyu. Wallahi na jira, ni da hankalina, ni da na san inda yake kwance. Na waiga, sai ga wani mutum mai shuɗiyar hula, ban taɓa ganinsa ba. Ya ɗago kai ya ce, "Yi haƙuri, Baba," ya ratse gefe ya wuce. Yadda ƙa'ida ta ce, daidai. Mai tarbiyya.

Daga nan hannayena suka ƙi. Ba ciwo, ba gajiya, sun ƙi ne kawai. Mutane suna wuce ni hagu da dama. Sai na juya na kwanta a bayana, abin da ban taɓa yi ba a tafkin nan.

Ashe abin da yake kallo ke nan. Sama ce kawai, faɗi-faɗi, da wasu tsuntsaye can nesa, kunnuwa a cikin ruwa ba ka jin kowa. Ba ka ganin na gabanka. Ba ka sanin ko ya waigo ko bai waigo ba, sai dai in ka ɗago kai. Shi kuwa ya ɗago ranar. Mun haɗa ido.

Na ɗaga hannu ɗaya sama.

Hannun bai ko fara gajiya ba na ji usur a kaina. Yadda tsohon nan ya iso, Allah kaɗai ya sani. Ya cafke ni a hammata ya jawo ni ciki kamar buhu, yana haki yana lalube ni.

"Ina ne? Ƙirji? Hannun? Yi magana!"

"Ba ko'ina, Baba."

Ya tsaya yana kallona, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Na ce, "Ni ma na gan shi."

Ya ɗauki filafili ya gyara zama. Sai da muka yi nisa ya ce, "Na sani. Ina kallonka lokacin da ka waiga." Ya tura mini bargo da ƙafa. "Rufa, kana rawar sanyi."

Ya tuƙa mu har tudu. Da na sauka bai kalli igiya ba, ni ya kalla.

Lahadi, da la'asar

An ɗaure kayansu, jakunkuna a bakin ƙofa. Malama ta tafi karɓo magani. Ba wanda ya kora ni yau, da ƙafata na shiga.

Fuskarsa tana taga. Na zauna a kujerar robar nan. Na ce, "Na shiga gasar da hularka. Ban kai ƙarshe ba. Rigingine na yi, na ɗaga hannu, Mai Usur ya tsamo ni a gaban kowa kamar jiƙaƙƙiyar kaza. Ni ne mutum na farko da sabuwar dokar ta ci."

Bai juyo ba.

Na ce, "Na gan ka ranar. Na ga hannunka. Na ce iskancinka ne, na ƙara gudu don in ba ka haushi."

Fankar sama tana juyawa, tana ɗan ƙara, noti ne ya saki a wuyanta. Na zauna ina sauraronta don ba ni da sauran magana.

Can sai jijiyar sha-raɓata ta ɗaure, gajiyar jiya. Na cire takalmi na miƙa ƙafar na ɗora a ƙarfen gefen gadon, ina murzawa ina cije leɓe. Ta saki. Na bar ƙafar a nan, na jingina kai da bango, na rufe ido.

Sai na ji shi a tafin ƙafata. Bakin yatsu, masu sanyi.

Sau ɗaya.

Ban buɗe ido ba. Ban yi numfashi ba. In ɗayan ce kaɗai ma ta ishe ni har in mutu.

Sai ya ƙara.

Na buɗe ido. Fuskar har yanzu tana taga, amma ɓarin bakin da ke aiki ya ɗan ɗaga. Ni yake gaya wa ina nawa, ɗan banza, shi da sai an ba shi abinci a baki. Na ce, "Rashin kunyar dai ba ta shanye ba."

Gobe motar za ta zo da hantsi. Jibi zan ɗaga ƙofar shago in tura ni kaɗai, har sai ran da Allah ya yi.

Malama ta shigo da ledar magani ta tarar da ni fuska jage-jage, ƙafa a kan gadon marar lafiya, hannunsa a kai.

"Yaya! Sauke ƙafarka, nas za ta yi faɗa."

Ban sauke ba.